Tukunyar hilu-mur ɗin Kaka da darasin da na haddace ban gane ba

Assalamu alaikum jama'a. Kwana biyu ban leƙo nan ba, ba lalaci bane wallahi, sabis ɗin garinmu Gadarif da ke gabashin Sudan ne sai a hankali, ga wuta kuma ta zama baƙuwa, in an kawo ta kowa sai ya ruga da cajarsa kamar ana rabon zakka. Yau dai nace sai na rubuta abin nan kafin ya bi iska, don tun watan Sha'aban yake cina a rai.

Waɗanda suka daɗe suna karanta ni sun san likitanci nake karanta a Khartum kafin yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, cikin goman ƙarshe na azumi, muka tattara 'yan komatsanmu muka dawo gida, tafiyar wajen kilomita 400 da ta zame mana kamar ta shekara. Wannan labarin daban ne, ba shi na zo yi ba. Wani darasi ne da muka yi tun farkon shigarmu, bayokemistiri, nan ana ce masa kimiya hayawiyya, wato ilimin sinadaran da aka gina mai rai da su da yadda suke juyawa a cikin ƙwayar halitta. Na ci jarrabawarsa, da maki mai kyau ma, amma tsakanina da Allah hadda nayi. Malamin zai shigo ya cika allo da zane, kibiya ta tashi daga nan ta faɗa can, sunaye kamar na aljanu, mu kwafa mu haddace mu amayar a takarda mu manta, in kuma wani ya yi ƙarfin halin neman misali sai a kawo masa sha'ir da giyar turawa, abin da ko a mafarki ban taɓa ganin yadda ake yinsa ba. Ashe misalin yana tsakar gidanmu, duk shekara ana yinsa a gabana ina wucewa da wayata a hannu.

'Yan uwa na Najeriya da Nijar bari in muku bayani tukunna. Hilu-mur abin sha ne na buɗa baki a Sudan, wasu suna cewa abre, ma'anar sunan zaƙi-da-ɗaci, kuma azumin da ba shi a gidan ɗan Sudan kamar azumin da ba kunu ne a Kano. Da dawa ake yi, irin wadda ake kira fetarita, mu kuwa Gadarif dawa da riɗi su ne arzikinmu. Ana raba dawar gida biyu. Rabi a jiƙa shi ya kwana, a baza a kan jiƙaƙƙen buhu a lulluɓe, ana yayyafa ruwa kullum har ta tsiro ta fidda saiwa, sai a shanya ta bushe a niƙa, wannan ita ce zirri'a. Ɗaya rabin kuma garinsa kawai ake niƙawa a dama a tukunya har ya yi kauri, ranar da ake wannan aikin ita ake kira ranar kujan.

To bana Umma ba ta jin daɗin bayanta, sai aka ce ni zan riƙe muciya. Kaka tana zaune a kujerarta 'yar tsugunno tana ba da umarni kamar kwamanda. Na yi ta tuƙi, hayaƙi ya cika min ido, abu ya yi kaurin da in ka kafa muciya a tsakiya sai ta tsaya cak, kafaɗata kamar za ta cire. Yana ɓararraka haka na ɗauko kwanon zirri'a zan juye don in huta, sai ji nayi an make min hannu da mafici.

"Ke kishiya, za ki kashe min ita! Janye itacen, bari ya sha iska."

Nace Kaka gari ne fa, busasshe, me zai mutu a ciki. Tace diktorar banza kawai, kuɗin makaranta dai ya tafi. Muka janye wuta, muka zauna, can ta sa bayan hannunta kusa da tukunya, ta ɗan dangwala da yatsa ta cire da sauri, ta sake jira, sannan tace yanzu zuba. Na zuba ina juyawa. Wallahi ban fi minti kaɗan ba naji muciyar ta fara sauƙi a hannuna, abin da ɗazu nake kokawa da shi ya saki, ya tsinke, ya koma yana zuba kamar kunu, ba a ƙara ko ɗigon ruwa ba, gari ma aka ƙara wanda a hankalce kauri ya kamata ya daɗa. Kaka ta lakato ta sa min a baki, zaƙi, kuma ba wanda ya sa sukari.

Nan na tsaya sororo da muciya a hannu. Amilez. Kalmar da na rubuta a jarrabawa ban san ko sau nawa ba.

Ga abin da ya faru a tukunyar, yadda na fahimce shi yanzu ba yadda na haddace ba. Garin dawa yawancinsa sitaci ne, shi kuma sitaci ku ɗauke shi kamar carbi, doguwar tasbaha wadda kowane ɗanta sukari ne da ake kira gulukos, ɗaruruwa har dubbai a jere, wani zaren miƙaƙƙe wani mai rassa. Harshenmu ba ya jin zaƙin carbin gaba ɗayansa don ya yi girma, sai an tsinka shi gutsi-gutsi. In an dafa shi da ruwa sai ya sha ruwa ya kumbura, zarurrukan su warware su sarƙe da juna, shi ne kaurin nan da ya kusa cire min kafaɗa, shi ne dai kaurin tuwo da asida. Amilez kuma almakashi ne da ba ya yanka komai sai wannan zaren. Yana shiga ya kama datsawa, dogayen zarurruka suka zama gajeru ba abin da zai sarƙe, sai ƙullu ya tsinke, guntayen kuma masu 'ya'ya ɗaya ko biyu su ne zaƙin da naji.

Ina dawa ta samo almakashi? Ƙwayar dawa ai jariri ne da guzurinsa. Ɗan tsiron yana kwance a gefe yana barci, sauran ƙwayar duk sitaci ne da uwar ta tara masa, ranar da ruwa ya taɓa shi sai ya farka, ba shi da ganye balle ya ci daga rana, dole ya ci guzuri, sai ya ƙera amilez ya tura cikin rumbun ya dinga yanko sukari yana sha. Mu da muke jiƙa dawa a buhu yaudararsa muke yi, ya ɗauka damina ta faɗi, ya gama ƙera kayan aiki sai mu shanya shi mu ƙwace. Tsarin ƙirar kuma a rubuce yake cikin DNA ɗinsa da haruffa 4 kacal, amma wannan sai wata rana in Allah ya kai mu.

Sai maganar "za ki kashe min ita", wadda ita tafi tsaya min a rai. Amilez inzim ne, inzim kuwa kusan dukkansu furotin ne, furotin shi ma carbi ne amma 'ya'yansa iri 20 ne da ake kira amino asid, kuma ba a miƙe yake zama ba, naɗewa yake yi ya dunƙule ya ba da wata siffa ta musamman mai ɗan rami inda zaren sitaci yake shiga daidai wa daida. Duk aikinsa a wannan naɗin yake. Zafi matsakaici, wajen digiri 60 zuwa 70, yana sa shi sauri, amma in ka jefa shi cikin abin da ke tafasa a digiri 100 naɗin sai ya warware, ramin ya lalace, shikenan. Kun ga farin ƙwai in ya dahu ai ba ya komawa ruwa, to haka ne. Mu a littafi wata doguwar kalma muka haddace wa wannan, Kaka kuma tace kashewa, kuma ni dai ban ga inda tata ta gaza ba, har ma'aunin zafi gare ta, yatsa. Wani abin kuma, inzim ba ya ƙarewa a cikin aiki, in ya yanka nan ya saki ya kama can, shi ya sa ko ɗan kaɗan ne in aka ba shi lokaci sai ya tsinka tukunya guda. Masu kunun zaƙi a can gida da suke niƙa ɗanyen dankali ko tsiron hatsi su zuba bayan kunu ya ɗan huce, wannan aikin suke yi, dankalin Hausa ma akwai amilez ɗinsa.

Da daddare da aka kawo wuta na koma littafi, sai naga ashe inzim na farko da aka fara warewa a tarihi ma shi ne wannan, a 1833 wasu mutanen Faransa biyu, Payen da Persoz, suka ciro shi daga tsiron sha'ir suka sa masa suna diyastas. Sai 1926 wani Ba'amurke Sumner ya nuna cewa inzim furotin ne, har ya samu kyautar Nobel a 1946. Duk na taɓa karanta wannan, na ma ja masa layi da jan biro, amma da yake ba a rataye shi a jikin komai ba sai ya faɗi.

In kuna son gwaji ba sai kun hura wuta ba. Gutsuri burodi ko kisra, wato siririyar wainar dawa ta Sudan, ko tuwo gaya ba miya, ku yi ta tauna kar ku haɗiye, minti ɗaya biyu za ku ji ɗan zaƙi-zaƙi. Yawunmu akwai amilez. In ya faɗa ciki tsamin ciki yana tsayar da shi, sai a hanji wani amilez ɗin daga fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan ciki, ya ƙarasa aikin. Abin mamakin kuma karan dawa da muke hura wuta da shi, shi ma carbin gulukos ne, selulos sunansa, 'ya'yan iri ɗaya ne sak da na sitaci, ƙullin da ya haɗa su ne kawai ya juya ta wata fuskar, kuma saboda wannan 'yar juyawar almakashinmu ba ya kama shi. Saniya ma ba da ƙarfinta take ci ba, ƙananan halittun da ke cikin tumbinta ne suke yanka mata.

Na tsallake akuya, bari in koma baya. Kwanakin da zirri'a take tsirowa aikin ƙanina ɗaya ne, gadin akuya, Kaka tace in akuyar nan ta sa baki a buhun nan to shi da ita duk sai ta yanka su. Na ɗauka tsoron asarar dawa ne kawai, sai tace a'a, ai ɗanyen tsiron dawa da gyauro suna kashe dabba, tun tana yarinya ta ga tunkiya ta ci gyauro ta faɗi tana haki kafin a kawo wuƙa. Wannan ma gaskiya ne kuma duk makiyayi ya sani. Ƙaramar dawa tana tara wani sinadari da ake kira durin, a 1902 aka gano shi a Landan, sunan ma daga dura aka ciro, yadda larabawa suke kiran dawa. Shi kaɗai ba ya komai. Amma akwai wani inzim da in ya gamu da shi sai ya fasa shi ya saki sayanaid, guba. To me ya hana shukar kashe kanta? Ɗakuna. Ƙwayar halitta ba buhu bace da aka zuba komai a ciki aka girgiza, gida ce mai ɗakuna da katanga da ƙofofi, katangun kuma da maiƙo aka yi su shi ya sa ruwa ba ya ratsa su yadda ya ga dama, shukar ta ajiye durin a wani wuri ta ajiye inzim ɗin a wani, kamar yadda ba a haɗa ashana da fetur. Haƙorin akuya ne yake rushe katanga su haɗu. Mutumin da ya fara leƙa irin waɗannan ɗakunan da madubin ƙara girma, Hooke, a 1665, ɗan ɗaki ya kira abin da ya gani, larabawa kuma suka ce khaliyya, kalmar da suke kiran gidan zuma da ita.

Ita kuma gubar inda take bugu shi ne wani ɗaki a cikin ƙwayoyin halittarmu da ake kira mitokondiriya, can ne ake ƙone sukari da iskar da muke shaƙa a fitar da ATP, wato 'yan canjin da jiki yake kashewa a kowane motsi, ko ƙifta ido sai an biya. Sayanaid yana toshe inzim na ƙarshe a layin, iska na nan cikin jini amma ba mai karɓa, shi ya sa tunkiyar Kaka take haki. Kar wani ya tsorata ya bar shan abre, a gidanmu in zirri'a ta bushe ana murje saiwoyin a sheƙe, ga shanya ga tsami ga wutar gashi, gubar kuma mai saurin tashi ce, a digiri 26 ma take zama iska, zafin da a Gadarif sanyi muke ce masa.

Bayan kujan sai kayan ƙamshi, citta, girfa, hulba, tsamiya, karkade wato soborodo, kowane gida da nasa sirrin, sai a ɗebo ɗan tsohon ƙullun kisra daga khammara, wato tukunyar da ake tsima ƙullu, a zuba a rufe. Khammarar Kaka ba a wanke ta tas, kullum sai an bar ɗan saura a gindi, tace iri ne. Iri ne kuwa, bakteriya ne masu rai, irin masu sa nono ya yi tsami, su suke samun sukarin da amilez ya yanko su ci. Sai dai su cin gaggawa suke yi ba tare da iska ba, su fasa gulukos gida biyu su samu ATP 2 kacal su zubar da saura a matsayin tsami, laktik asid, alhali mitokondiriya in ta ƙone gulukos ɗaya har ƙarshe wajen 30 take fitarwa. Almubazzaranci ne, amma sharar tasu ita ce ɗanɗanon da muke so, kuma tsamin yana hana miyagun ƙwayoyin cuta zama. Wannan fasa gida biyun shi ne gilaikolisis, matakai 10, wanda na kwana uku ina haddacewa ina kuka a hostel, ashe abu ɗaya muke yi da abin da ke cikin khammara, jajayen ƙwayoyin jininmu ma da shi kaɗai suke rayuwa don ba su da mitokondiriya.

Ranar awasa, wato ranar gashi, ita ce ranar daɗi, maƙwabta suka zo gayya, nan nafir ake cewa, kowa da ƙullunta ana bi gida-gida, ana shan jabana, wato gahawa, ana gulma. A shafa man riɗi a saj, wato faifan ƙarfen gashi, a zuba ƙullu a baza da gargariba, ɗan abin baza ƙullu, ya gasu ya yi ja-ja baƙi-baƙi a naɗe a jera a tabarma, shi ne ake jiƙawa a ruwa a tace a sha in azumi ya zo, ƙamshin kuwa tun daga bakin layi za ka san azumi ya matso. Na tambayi kaina me ya sa kisra take fitowa fara shi kuma wannan ya yi duhu haka, har da ɗan ɗaci, bayan saj ɗaya ne. Akwai launin fetarita da karkade, amma babban abin sukarin nan ne, a kan wuta yana haɗuwa da amino asid su ba da launi da ƙamshi, wani Bafaranshe Maillard ya bayyana haka a 1912. Shi ne ƙamshin bunni, wato ƙwayar gahawa, in ana soya shi, shi ne na agashe, tsiren da kakanninmu suka kawo ƙasar nan har sunan ya zauna a bakin larabawa ba su san umarni bane, a gashe. Nawa na farko ya ƙone, na biyu ya yage, aka karɓe gargariba aka ce in je in kawo ruwa.

Inda abin ya yi min rana shi ne ranar uku ga azumi. Kawu yana da ciwon suga shekara da shekaru, kuma yana da taurin kai irin na gidanmu. An kira magriba, maza sun fita da tire bakin titi yadda aka saba, shi ƙafa ta hana shi sai ya zauna a tsakar gida, naga ya shanye kofi babba na hilu-mur ya miƙa a ƙaro. Nace Kawu a yi haƙuri a tsaya haka. Yace ke 'yar nan nawa daban aka jiƙa, ba a sa sukari ba ko cokali. Da can da sai in ce likita ya hana kawai, ya ce likitan ya ci kansa. Wannan karon na zauna kusa da shi nace Kawu kun tuna ranar kujan da ƙullu ya tsinke ya yi zaƙi, wa ya sa masa sukari? Yayi shiru. Nace to wannan zaƙin wani bakteriya sun ci, wani ya ƙone a saj, amma saura yana nan cikin kofin nan, kuma an riga an yanka shi ba sai hanji ya wahala ba, kai tsaye jini zai tafi. Duk jinin jikin babban mutum sukarin da ke yawo a ciki bai wuce giram 4 zuwa 5 ba, cokalin shayi ɗaya, mai lafiya da rana hantarsa ce take tsakuro masa daga ajiyarta ta wajen giram 100 don kar ya faɗi, in ya sha ruwa kuma insulin ya kwashe rarar ya mayar rumbu, ku kuwa insulin ɗin ne ba ya jin magana. Nace ban ce kar ku sha ba, rabin ƙaramin kofi, a tsinka shi da ruwa sosai, bayan an ci ful, wato dafaffen wake, sannan mu auna bayan awa biyu mu gani.

Ya kalli kofin ya kalle ni, yace cokali ɗaya a duk jikina? Nace ɗaya. Ya ture jug ɗin gefe yana gunaguni wai yaran zamani sun hana mutum sakewa a gidansa, amma bai ƙara ba, da aka idar da tarawi ma shi ya aiko a kira ni da na'urar awo.

Kaka tana daga kan dardumarta duk tana ji, carbi a hannu. Tace wato duk shekarun nan da aka yi ana aika miki kuɗi Khartum, abin da suka koya miki kenan, zirri'a tana sa zaƙi? Nace eh Kaka, kusan haka ne. Tace to baɗi in muna raye ke za ki yi kujan ke kaɗai, ni ba ruwana, kuma saura ki zuba min ita da zafi.